Cinikin Zaɓi Lokacin da Kasuwa Ta Kwanta



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan wani nau'in ciniki da yaranmu suka fara shiga ta wayar hannu, wanda zan kira cinikin zaɓi. Na amsa da sauri, domin kuɗin da suke zubawa a ciki sau da yawa namu ne, ko na iyayensu mata.

Duk wanda ya tashi a cikin birni, ya yi zirga-zirga a Kasuwar Kurmi, ya san kafin alƙalami. To, cinikin zaɓi ɗan'uwansa ne. Mu ƙaddara buhun gero yana naira dubu 40 da kaka. Ka ba mai hatsi dubu 2 a kan ya riƙe maka wannan farashi har wata uku. In gero ya kai dubu 55, ka ɗauka a dubu 40. In ya faɗi, ka fasa, dubu 2 ɗinka ta tafi. Bambancinsa da kafin alƙalami shi ne, dubu 2 ɗin nan ba ta cikin kuɗin gero, ladan alkawari ce kawai, kuma shi alkawarin kansa ana iya sayar da shi ga wani. A shekarar 1973 aka buɗe wa wannan ciniki kasuwa ta musamman a birnin Shikago na Amurka.

Me ke yanke kuɗin alkawarin? Babban abu shi ne yadda ake zaton farashi zai yi hawa da sauka. Idan kasuwa na rawa, mai hatsi ba zai yarda da dubu 2 ba, sai ya nemi biyar ko shida. Idan kuwa ta kwanta, wata da watanni farashi bai motsa ba, sai alkawari ya yi arha. A nan mutane suke rabuwa biyu. Mai saye yana murna ya sami arha, amma kowace rana ta wuce farashi bai motsa ba, abin da ya saya yana raguwa, kamar ƙanƙara a hannun mai talla. Asararsa dai ta tsaya iyakar abin da ya biya.

Mai sayar da alkawarin shi ne nake jin tsoro dominsa. Kowane wata yana karɓar ɗan kuɗi, ba abin da ya faru, har ya fara ɗaukar abin kamar albashi. Da yake ladan ya yi ƙanƙanta, sai ya ninka yawan alkawuran don ribar ta yi kauri. Wato lokacin da ake biyansa mafi ƙaranci, lokacin ne ya fi ɗaukar kaya. Malaminmu na lissafi da ke zaune a nan gaba ba ya bukatar allo kafin ya ga inda wannan zai ƙare.

Ya kuwa ƙare a can. Amurkawa suna da ma'auni mai suna VIX, wanda aka fito da shi a 1993, yana nuna yawan rawar da ake zato a kasuwar hannun jari. A 2017 ya sauka ƙasa da 10, kwanciyar da ba a saba gani ba, jama'a suka yi ta zuba kuɗi a kan cewa haka za a ci gaba. Ranar 5 ga Fabrairu 2018, ma'aunin ya tashi daga wajen 17 zuwa 37 a yini guda. Wata takardar jari mai suna XIV, wadda ribarta ta dogara da kwanciyar kasuwa, ta rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na darajarta, aka rufe ta a watan.

Mu ma mun ga irin namu. Daga 2015 zuwa tsakiyar 2016, Babban Bankin Nijeriya ya riƙe dala a wajen naira 197. Ranar 20 ga Yuni 2016 aka sake ta, ta wuce 280 kafin a tashi kasuwa. A Yunin 2023 aka maimaita: daga wajen 460 ta haura 600 rana ɗaya. A ganina kwanciya iri biyu ce. Akwai ta kaka, wadda yawan kaya ya kawo, akwai kuma wadda aka danne da hannu. Hanyar bambance su ba ta da nisa da nan: ka fita ta Ƙofar Mata ka je Wapa ka tambayi 'yan canji. Tun kafin a saki dala a 2016, a wurinsu ta riga ta haura 300. Duk wanda ya yi wa wani alkawarin farashi yana kallon takardar banki, ba ya kallon Wapa, ya sayar da alkawarinsa da arhar banza.

Sauran magana ɗaya, kuma ga malaman addini a cikinmu da suka fi ni sani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa cinikin zaɓi yadda ake yinsa a kasuwannin duniya bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce, ba kuma amfanin dukiya ba. Shi kuwa kafin alƙalamin da mai kaya ke riƙewa in an fasa ciniki, majalisar ta amince da shi a 1993 in an yanke wa'adi, ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya an hana shi. Saboda haka wanda ɗansa ya zo masa da waya yana neman jari, tambaya biyu zai yi masa kafin ya buɗe aljihu: saye kake ko sayarwa, kuma ka tambayi malam?

Shugaba ya ɗaga mini agogo.