Dillalin Kwamfuta a Kasuwar Sadarwa



Jawabina a yau ya shafi wani sabon dillali wanda ba ya cin la'ada, ba ya kuma gajiya. Manhaja ce da ake ɗora wa kwamfuta don ta yi ciniki a madadin mutum: ta taya, a ce mata albarka, ta ƙara, har a sallama.

Hajar da ake ciniki a kanta kuwa ita ce hanyar intanet, watau yawan saƙon da za ta ɗauka a daƙiƙa, da jinkirin isarsa, da tsawon lokacin da za ta yi ba ta katse ba. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawara kada jinkirin murya ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa, domin in ya yi yawa hira takan sarƙe. Haka kuma in kamfani ya yi alkawarin aiki kashi 99.9 cikin ɗari, lissafi ya nuna yana iya katsewa kusan awa tara a shekara. Mai asibiti ko banki ya san nauyin awa tara.

Dabarar ta daɗe. A 1980 Reid Smith ya bayyana tsarin da na'ura ɗaya za ta yi shelar aiki, sauran su kawo tayi, ta zaɓi wanda ya fi. A 1996 aka kafa ƙungiyar FIPA a Suwizalan don daidaita harshen da waɗannan dillalai ke magana da shi.

To, sai dai a lura. Dillalin ba ya wuce umarnin da aka ba shi. In aka ce ya nemi araha kaɗai, zai kawo hanya mai rauni, araha kuwa ba ta ado. Saboda haka a gaya masa iyakar kuɗi, da ingancin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, da diyyar da za a biya in an saɓa alkawari. A kuma ajiye rubutaccen bayanin kowane ciniki.

Wanda aka cuta ya fara kai kuka ga kamfaninsa. In bai gamsu ba, ya tuntuɓi Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa kare haƙƙin masu saye.