Kunkuru a gida: wace ƙasa ta dace da shi?

 

Yau hirarmu a kan kunkuru take. Ba kififiya ta cikin gulbi muke nufi ba, babban kunkurun tudu muke nufi, wanda ake gani a gidaje a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Wani ya gaje shi wurin ubansa. Wani ya same shi yana ƙarami kamar tafin hannu. Kowa yana tambaya: me za a ba shi ya ci? Amma ba a cika tambaya a kan me zai kwanta ba. To, ita ce maganarmu ta yau: ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Yadda yake zaune a daji

Wanga kunkuru ɗan ƙasarmu ne. Ana samun shi a bakin hamada, tun daga Senegal har Sudan da Habasha. In aka cire na tsibiran teku, babu kunkurun tudu da ya kai shi girma a duniya. Babban namiji yana iya wuce kilo 80, yana kuma iya wuce shekara 70 a duniya.

Kunkuru ba ya zufa. Jikinsa yana bin zafin wurin da yake. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 45, in ya tsaya a fili sai ya mutu. Don haka yake haƙa rami mai tsawon mita da yawa. Can ciki akwai sanyi da danshi. Da safe ya fito ya yi kiwo, rana ta ɗaga ya koma. Ke nan ƙasa ita ce ɗakinsa, ita ce inuwarsa. Wanda ya hana shi ƙasa mai kyau ya hana shi lafiya.

Abin da ba a sa masa

Na ɗaya, siminti. Akwai wani maƙwabcinmu da ya dafe tsakar gidansa duka da siminti don tsabta. Kunkurunsa ya riƙa kwana yana kartar lungu, yana neman wurin haƙa. Kafin damina farcensa sun cinye, ƙoƙon cikinsa ya goge ya yi miki. Sai da aka fasa simintin gefe guda, aka zuba ƙasa, sannan ya samu sauƙi. Siminti yana da kaushi, kuma da rana yana zafi kamar tanda.

Na biyu, rairai zalla. Mutane suna cewa ai dabbar hamada ce, rairai ya ishe ta. Ba haka ba ne. Rairai zalla ba ya riƙe rami, yana iya rubzawa a kansa. Yana shiga ido. Yana manne wa abinci, kunkuru ya haɗiye, ya taru a hanji ya toshe shi.

Na uku, laka zalla, irin ta fadama. Da rani ta bushe kamar dutse, da damina ta riƙe ruwa ta zama taɓo. Kunkurun da ke kwana cikin taɓo ƙoƙon cikinsa yana ruɓewa.

Na huɗu, tsakuwa da garin katako. Tsakuwa tana haɗiyuwa. Garin katako ƙura gare shi, yana kama hanci da ido.

Na biyar, ƙasar juji, da ƙasar garkar da aka zuba wa takin zamani ko maganin ƙwari. Kunkuru yana kiwo da bakinsa a ƙasa. Abin da ke cikin ƙasa, cikinsa zai shiga.

Ƙasar da ta dace

Ƙasa mai kyau ita ce ta tsaka-tsaki. A ɗebo ƙasar sama ta fili mai tsabta, bokiti 2, a haɗa da rairai bokiti 1. A tankaɗe da rariya don fidda kwalba, ƙusa, ƙaya da leda. Ku kula da leda ƙwarai. Yadda take kashe akuya, haka take kashe kunkuru.

Ƙasa ba iri ɗaya ba ce ko'ina. Wanda ke kan jigawa, kamar wurare da yawa na Maradi da Damagaram, rairai ya riga ya yi yawa wurinsa, laka kaɗan zai ƙara. Wanda ke wurin laka da duwatsu, kamar wasu sassan Adar, rairai zai ƙara, ya tsince duwatsun.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Ka yayyafa wa ƙasar ruwa kaɗan, ka damƙa a hannu, ka buɗe. In ta watse nan take, rairai ya yi yawa. In ta manne maka a hannu kamar ƙullun gini, laka ta yi yawa. In ta dunƙule, kuma ta farfashe da ka taɓa ta da yatsa, to ita ce ake so.

Zurfi da wuri

Babban kunkuru yana son fili, ba lungu ba. A zaɓi wuri mai ɗan tudu, inda ruwan sama ba ya kwanciya, mai rana da safe da inuwa da tsakar rana. Ƙasa mai taushi ta kai zurfin kamu ɗaya, wato kamar santimita 50, kuma kada a sa daɓe ƙarƙashinta.

A nisanta wurin daga bangon ɗaki, da rumbu, da rijiya, da masai. Kunkuru yana haƙa ƙarƙashin ginin ƙasa, damina ta zo, bango ya zube. Katangar wurinsa kuma a binne gindinta kamu ɗaya cikin ƙasa, don kada ya haƙa ya fita. In kana so ya haƙa inda ka zaɓa, ka fara masa ramin da kanka ƙarƙashin rumfa, ka jiƙa wurin kaɗan. Sau da yawa nan zai ci gaba.

Macen kunkuru tana haƙa gurbi da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai 15 zuwa 30, ta rufe. In ƙasa ta yi tauri, sai ta riƙe ƙwan a ciki, kuma wannan yana iya kashe ta. In ka ga ta daina ci, tana kai da kawowa, tana tonon nan da can, ka sassabe mata wuri, ka jiƙa shi.

Ɗiyan kunkuru

Ƙananan sun fi manyan son danshi. Kun taɓa ganin kunkurun da bayansa ya yi ƙullutu-ƙullutu maimakon ya yi sumul? A shekarar 2003 likitocin dabbobi a Biyana, babban birnin Otiriya, sun yi gwaji da ɗiyan wanga kunkuru namu. Sun gano cewa waɗanda aka rena a busasshen wuri su suka fi yin ƙullutun. In ya fito kuwa, ba ya komawa.

Don haka a sa ƙaramin cikin babban akwati, da ƙasa mai zurfin santimita 10 zuwa 15. A kifa masa rabin tsohuwar tukunya a gefe guda, a riƙa yayyafa ruwa ƙarƙashinta kullum. Danshi ake so, ba taɓo ba. Ɗaya gefen a bar shi a bushe, shi zai zaɓi inda yake so. A rufe saman da ragar waya saboda ɓera, hankaka da kare. Ya sha ranar safe, amma kada a bar akwatin cikin rana tsaka.

Kula da ƙasar

Kullum: a kwashe kashi da sauran abinci. A zuba masa ciyawa a kan faifai ko shimfiɗaɗɗen dutse, ba a kan ƙasa ba. A sake ruwan kaskonsa, kaskon kuma kada ya yi zurfi. In ka ga wani farin abu kamar alli ya fito tare da fitsarinsa, kada ka ji tsoro, haka suke yi. Amma in ya yi tauri kamar tsakuwa, ruwa ne bai ishe shi ba. Bayan aikin a wanke hannu da sabulu, manya da yara, don kashinsa yana ɗauke da ƙwayar cutar zawo.

Kowane mako: a sassabe saman ƙasar da hauya, rana ta buge ta. Wurin da ya yi wari a kwashe shi, a zuba sabuwa.

Da rani: a jiƙa ƙasar inuwa da marece. In ka ga yana fidda miyau yana shafa wa ƙafafun gaba, zafi ya yi masa yawa. Maza a kai shi inuwa.

Da damina: a tayar da kunya kewaye da bakin ramin, a yi wa ruwa hanya. Bayan kowane babban ruwa a leƙa ramin.

Da ɗari: a zuba masa busasshiyar ciyawa a makwanci. In ta jiƙe ko ta yi fumfuna, a fidda ta.

In ya daina ci, ko kashi ya ƙi fita kwanaki, ko hancinsa yana zubar da ruwa, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Kalma ta ƙarshe

Jama'a, kunkuru yana ƙarewa a dajinmu. Tun shekarar 2000 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje. Nijar kuma tana da dokar 1998 a kan farauta da kare namun daji. Wanda ke daji a bar shi a daji. Wanda ke gida, amana ce a hannunmu. Mai son ƙarin bayani ya je wurin ma'aikatan gandun daji na garinsu.

Hausawa sun ce kunkuru yana son dambe, ba shi da yatsa. Haka kuma ba shi da bakin da zai ce maka makwancinsa ya dame shi. Kai ne za ka duba. Yau da marece ka je wurinsa, ka damƙi ƙasar a hannunka, ka ga abin da za ta gaya maka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.