Idan Allah Ya Ba Ka Kan'ana, Ya Ce Ba Zai Tafi Tare da Kai Ba

Jawabin da aka gabatar a zaman addu'a na taron ƙungiya na ƙarshen shekara



Mu duba Littafin Fitowa, sura 33. Isra'ilawa suna gindin Dutsen Sina'i, ba su daɗe da yi wa ɗan maraƙin zinariya sujada ba. Allah ya umarci Musa ya tashi da jama'a zuwa ƙasar da ya rantse zai ba zuriyar Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Zai aiki mala'ika a gabansu, zai kori Kan'aniyawa da sauran al'ummai, ƙasar kuma mai albarka ce. Bai janye ko ɗaya daga cikin alkawaransa ba. Sai dai shi kansa ba zai tafi a tsakiyarsu ba, saboda taurinkansu.

Ku tsaya ku auna wannan tayi. Ga ƙasa, ga nasara, ga mala'ika mai rakiya. Da yawanmu da tuni mun ɗaure kaya. Amma jama'ar suka shiga makoki, suka tuɓe kayan adonsu. Musa kuwa ya roƙi Allah kada ma ya ɗaga su daga wurin in ba zai tafi tare da su ba. Ya gwammace jeji da Allah a ciki, da Kan'ana babu shi. Dalilinsa shi ne, kasancewar Allah tare da su ita ce ta bambanta su da sauran al'ummai. Allah kuwa ya amsa roƙonsa.

'Yan'uwa, wannan sura ta shafe mu. Yawancin mu da ke nan mun yi azumi da addu'a kafin biza ta fito. Bayan ta, muka koma roƙon takardun zama, sai aiki, sai gida. Allah ya amsa da dama daga ciki. To, yaya addu'armu take tun daga ranar da takardun suka fito? Wani aikin dare da na Lahadi ya cinye masa lokacin sujada, kuma abin bai dame shi ba, domin abin da ya kai shi gaban Allah ya riga ya shigo hannu.

Mun san ciwon irin wannan a cikin danginmu. Na waje ya san ɗan'uwan da ba ya kira sai ƙarshen wata. Iyaye a gida kuma sun san ɗan da kuɗinsa ke zuwa kan lokaci, amma wata shida ba a ji muryarsa ba. Uwa za ta karɓi kuɗin ta sa albarka, duk da haka ɗanta take kewa. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Haka take tsakaninmu da Allah.

A Yahaya sura 6, Yesu ya ciyar da maza 5,000 da gurasa 5 da kifi 2. Washegari taron suka bi shi har Kafarnahum, ya faɗa musu a fili cewa ƙoshin da suka yi ne ya kawo su. Da ya fara koya musu cewa shi ne abincin da suke bukata, da yawa suka juya baya. Bitrus ya tsaya, domin ya gane babu wani wurin zuwa.

Kada a ce na raina alkawaran Allah. Gaskiya ne su, kuma daidai ne mu roƙe shi a kansu. Amma wanda ya kafa bangaskiyarsa kan cikar alkawari kaɗai, jinkiri zai karya shi. Ku na gida da kuka yi shekaru kuna jiran aiki ko haihuwa ko biza, da ku na nan da takardunku suka maƙale, kada ku ɗauka Allah ya yi nisa. Ibraniyawa sura 11 ta lissafa bayin Allah da suka mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta musu ba, aka kuwa yabe su. Musa kansa bai taka Kan'ana ba. Daga Dutsen Nebo ya hango ta, ya rasu yana da shekara 120. Amma shi ne mutumin da Allah ya riƙa magana da shi kamar aboki, shi ne kuma ya bayyana tare da Iliya a kan dutse, suna zance da Yesu.

Ga abin da nake roƙonku. A makon nan, kowa ya ware minti 15 kullum gaban Allah ba tare da jerin bukatu ba: ka karanta Zabura ɗaya, ka yi godiya, ka yi shiru. Iyaye, ku bar 'ya'yanku su gan ku kuna haka, domin su san Allahnmu ya wuce mai biyan bukata. Idan kuma an zo zaɓen aiki ko garin zama, ku sa tambayar Musa a gaba: Ubangiji zai tafi tare da ni?

Allah ya ba mu zuciya irin ta Musa. Mu yi addu'a.