Karayar Kwatangwalo da Ɗaurinta da Sukuru



Maganar da muka zo da ita yau ita ce karayar kwatangwalo, da yadda likitoci ke ɗaure ta da sukuru. A saman ƙashin cinya akwai wani kai mulmulalle da ke juyawa cikin kwarmin ƙugu. Siririn ƙashin da ya haɗa kan nan da sauran cinya shi ake kira wuya. Tsoho santsi kaɗai ya isa ya karya masa shi, saurayi kuwa sai haɗarin mota ko faɗowa daga bisa.

Abin da ya sa karayar nan ke da wuyar sha'ani shi ne, jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin a jikin wuyan suke bi. In karayar ta goce sukan tsinke, kan ya rasa jini ya mutu, ko ƙashin ya ƙi haɗewa.

A 1931 Smith-Petersen, wani likita a Boston ta Amurka, ya bayyana ƙusa mai fukafukai uku don wannan aiki. A 1961 kuma Garden na Ingila ya kasa karayar kashi huɗu bisa ga gocewarta. Yau likita yakan mai da ƙashin mazauninsa yana duban hotonsa, sa'an nan ya zura sukuru uku, ɗaya ƙasa biyu sama, kamar duwatsun murhu.

Sukuru riƙewa kawai yake yi, jiki ke haɗa ƙashi, a cikin wata uku zuwa shida. Warkewar ta dogara ga yawan gocewar, da kyan gyaran, da ƙarfin ƙashin. Taba sigari da ciwon sukari da ƙarancin abinci mai gina jiki duk suna kawo cikas. Tsohon da karayarsa ta goce ƙwarai, galibi sai a sauya masa kan da na ƙarfe.

Ba mu raina masu ɗorin gargajiya ba, amma ƙashin nan yana can ƙarƙashin tsoka, inda karan ɗori ba ya kaiwa. Doguwar kwanciya kuma takan jawo gyambo da ciwon huhu da daskarewar jini, shi ya sa ake son tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu.

Saboda haka, in tsohuwa ta faɗi a gida ta kasa tashi, ƙafarta ta gajarce ta karkata waje, mu da muka zo makaranta mu ne da alhakin cewa a kai ta asibiti ran nan.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Wassalam.