Jawabi ga Masu Tahiya Yamai

Mu da munka daɗe Yamai, ga shawararmu. In kun sabka tashar Wadata, kada ku yi shatar taksi, kuɗɗi ne a banza. Ku shiga ta kowa da kowa, ku faɗi sunan kartiye: Bukoki, Yantala, ko Harobanda ƙetaren gadar Kennedy. Faransanci sai biro da likita. Kasuwar Katako, da Hausa da Zabarmanci ake ciniki, lissahi da dala kamar gida; ku fara da "fofo". Mai yara shi kai su Mize Bubu Hama su ga zaki da dorina, amma kowane yaro a sa mishi takarda aljihu, da sunan mai masauki da kartiyensa da lambar tarho.