Jawabi Ga Ɗaliban Ƙasar Katagum Kan Aikin Ƙididdigar Lafiya



Yaron da ya gwanance a lissafi a Azare, in aka tambaye shi burinsa, yawanci likita ko injiniya zai ce. To, akwai wani aikin da ba a cika ambatonsa ba, wato aikin masanin ƙididdigar lafiya. Likita yana duba majiyyacin da ke gabansa. Shi kuwa masanin ƙididdiga gari guda yake dubawa, don ya gano mutum nawa suka kamu, su wane ne, kuma wane magani ne ya amfane su.

Ciwon sukari ya isa misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 108 a 1980 zuwa miliyan 422 a 2014. A 2021 an ƙiyasta manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. A Nijeriya, binciken ƙasa da aka yi a farkon shekarun 1990 a ƙarƙashin Farfesa Oladipo Akinkugbe ya sami kashi 2.2 cikin 100. Amma adadin ƙasa baki ɗaya ba zai faɗi halin da ake ciki a Madara ko Chinade ba.

Littafin rajistar asibiti ma ba zai wadatar ba, domin waɗanda suka sami halin zuwa kaɗai ke cikinsa. Saboda haka masanin ƙididdiga yakan zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, a auna jinin mutane da safe kafin su karya. Wanda sukarinsa ya kai miligiram 126 a kowane desilita, aka sake aunawa aka tabbatar, ya shiga lissafi.

Bayan ƙidaya sai bibiya. A Birtaniya an fara bin majiyyata fiye da 5,000 a 1977. Da sakamakon ya fito a 1998, ya nuna cewa rage sukari da hawan jini yana rage lalacewar ido da ƙoda. Da irin wannan hujja ake shawo kan hukuma ta ware kuɗin magani. Ciwon da ba a ƙidaya masu shi ba, da wuya ya sami gurbi a kasafin kuɗi.

Yau hanya ta matso kusa. An kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare a 2021, ga kuma jami'ar jiha a Gadau. Abin da ya rage ga ɗalibai, maza da mata, shi ne su riƙe lissafi da ilmin halittu da kyau, su koyi sarrafa kwamfuta, su kuma saba da rubuta adadi bisa gaskiya ko da bai yi wa kowa daɗi ba.

Allah ya ba da sa'a, amin.