IN JAR FITILAR MAI TA KAMA, A TSAYA

Ga jawabin da wani tsohon makaniki ya yi ma manoma, direbobi da yaran mota. An rubuta shi don a karanta a makarantun yaƙi da jahilci.



Kowa ya san amfanin bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ita ke ɗauko albasa daga Galmi zuwa Ƙonni. Ita ke kai wake da gero kasuwar Maradi. In naƙuda ta yi ma mace tsanani da dare, ita ake nema. Don haka lafiyarta ta shafi gari duka.

A gaban direba akwai wata ƴar fitila ja mai hoton buta. Ita ce fitilar mai. In an murɗa makulli sai ta kama. In mota ta tashi sai ta mutu nan da nan. Haka ne daidai. Amma in ta kama ana cikin tafiya, to akwai hatsari.

Mi fitilar ke faɗi?

Cikin moter, wato injin mota, ƙarafa ne ke juyawa bisa juna da sauri. Baƙin mai ke shiga tsakaninsu, ya hana su cin juna, ya rage masu zafi. Man yana zaune cikin wani kwano a ƙarƙashin moter. Famfo ke jawo shi ta cikin rariya, ya tura shi da ƙarfi, ya bi ta filtir mai tace datti, ya isa ga ƙarafan.

Fitilar ba ta auna yawan mai. Ƙarfin turawar take kallo. Mai lambu ya san wannan: rijiya na iya cika da ruwa, amma in tiyo ya toshe, fangali bushewa zai yi. In mai bai isa ga ƙarafa ba, ƴan mintoci sun isa moter ya buga.

Abin da direba zai yi

1. Ya sauka gefen hanya, ya kashe mota nan take.
2. Ya tabbata motar tana tsaye wuri mai daidai. Ya jira kamar minti 5, mai ya koma kwanonsa.
3. Ya zaro sandar awon mai, ya shafe ta da tsumma mai tsabta, ya maida, ya sake zarowa. Sandar tana da zane biyu. Wajibi ne mai ya tsaya tsakaninsu.
4. In mai ya sauka ƙasa da zanen ƙasa, ya ƙara kaɗan-kaɗan yana aunawa. A yawancin motoci litir 1 ne tsakanin zanen biyu. Kada ya wuce zanen sama.
5. Ya leƙa ƙarƙashin mota ko akwai yoyo. Hanyar karkara tana da duwatsu da kututture, suna iya fasa kwanon mai.
6. Ya tada mota yana kallon fitila. In ta mutu, kuma babu wata ƙara, ya tafi sannu har gareji. In ba ta mutu ba, ya kashe, ya nemi wata mota ta ja shi.

In mai ya cika amma fitila na ci

Wannan aikin makaniki ne. Wani lokaci laifin ƙarami ne. A jikin moter akwai wani ɗan ƙarfe mai waya, shi ke kunna fitilar. Yana lalacewa, ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, sai fitila ta kama alhali moter lafiya lau. Amma ba a gane wannan da ido. Makaniki zai kwance ɗan ƙarfen, ya ɗaura agogon awo a gurbinsa. In allura ta hau yadda ya kamata, a canza ɗan ƙarfen, magana ta ƙare.

In allura ba ta hau ba, a duba filtir. Sannan a sauke kwanon mai a duba rariya, don dattin tsohon mai yana toshe ta. Daga nan sai famfo. In duk waɗannan lafiya, to ƙarafan ciki sun cinye, sai an buɗe moter.

Akwai alamomin da za a gaya ma makaniki. In fitila na ƙyaftawa wajen kwana ko wajen taka birki, mai ne ya yi kaɗan. In tana ƙyaftawa sa'ad da moter ya yi zafi, mota na tsaye tana aiki, mai ya tsinke ko ƙarafa sun tsufa. In hayaƙi ya yi shuɗi, moter na ƙone mai. In mai ya koma kamar kafe da madara, ruwa ya shiga cikinsa.

Magana ga fasinja

Sau da yawa direba yana so ya tsaya, fasinja su hana shi. Su ce: «Direba, mu ƙarasa mana, saura kilomita 10, kasuwa za ta watse!» To, kuɗin litir guda na mai bai kai kuɗin akuya ba. Amma moter da ya buga, sai mai mota ya saida shanu. Motar kuma ta yi wata da watanni a gareji, albasa na ruɓewa, maras lafiya na jiran amalanke. Direban da ya tsaya ya kyauta, a yi haƙuri da shi.

Akwai kuma direban da ke cire wayar fitilar don kada ta dame shi. Wannan ya rufe bakin mai gadi ne, ɓarawo yana nan. Mai mota ya riƙa murɗa makulli da kansa. In fitilar ba ta kama ba, ya tambayi dalili.

Rigakafi ya fi magani

A auna mai kowace safiya kafin a tada mota. A hanyoyin rairayi da ƙura, a juye mai duk kilomita 5000, tare da filtir. Lokacin bazara zafi yana wuce digiri 40, mai yana saurin tsinkewa. A sayi irin man da aka rubuta a littafin motar, cikin galan rufaffe. Man da ake saidawa a buɗaɗɗen kwalba yana iya zama tsohon da aka juye daga wata mota.

Tsohon mai guba ne. Kada a zuba shi kusa da rijiya ko cikin gona. Kada a shafa shi a gyambo, na mutum ko na dabba.

Ga kuma inda karatu zai yi rana. A ajiye ƙaramin littafi cikin mota. Duk ranar da aka juye mai, a rubuta kwanan wata da lambar kilomita. Masu injin niƙa da injin ban ruwa su ma su rubuta ranar juyen mai, su riƙa aunawa kowace safiya.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma direban garinsu. Allah ya kiyaye hanya, amin.